Yadda ake mallakar hedifon mai tsada daga ƙauye ba tare da an ci bashi ba

Shekara tara kenan ina cikin harkar nan ta hedifon, kuma duk a nan ƙauyenmu na ƙasar Gumel nake yin ta, birni sai dai in shiga Kano sayayya in dawo a ranar. Abin da ya jawo ni kuwa wani dare ne da abokina da ke karatu a Zariya ya zo hutu da wani tsohon Sony MDR-7506, ya ɗora min a ka ya kunna min wani kiɗan kalangu da na sha ji a rediyo tun ina yaro, wallahi sai da na waiga baya, don na ji lokacin da makaɗin ke matse kalangun a hammata da lokacin da yake sakinsa, har na ji wani ɗan amshi can ta hagu yana gyaran murya kafin ya karɓa. Tun daga ranar na saya na sayar da hedifon ya fi goma.

Samarin garinmu sukan zo su ce Yaya ɗan ba mu mu ji, in sun ji sai su tambayi kuɗi, in na faɗa sai jikinsu ya yi sanyi su ce ai wannan sai 'ya'yan masu kuɗi. To ni manomin riɗi ne da ɗan kiwo, ban taɓa cin bashin kowa a kan hedifon ba, kuma ban taɓa taɓa kuɗin cefane ba. Hawa-hawa ake yi, a sayi ƙarami a riƙe shi da kyau a sayar a ƙara kuɗi a hau na gaba, kamar dai yadda ake fara kiwo da kaza har a kai ga sa. Ga yadda nake yi.

Kayan da za ka tanada

Waya Android mai bakin caji USB-C wadda ke karɓar OTG, wato wadda za a iya jona mata wata na'ura ta bakin cajin ta yi aiki. Ba sai mai tsada ba, wadda ke hannunka ma ta isa in dai tana karɓa.

Dongul, wato ɗan guntun kebul ɗin nan da ake jonawa a bakin caji ya fitar da ramin iyafis na 3.5mm. A cikinsa akwai abin da ake kira DAC, shi ke mayar da fayil ɗin waƙa ya zama sauti. Ka tabbatar mai DAC ne a ciki, don akwai na banza da waya ce kawai a ciki kuma wayoyi da yawa ba sa aiki da su. Na Apple dala 9 ne a Amurka kuma sautinsa tsaf yake, sai dai a wayoyin Android da yawa ƙararsa ba ta fita sosai, sannan wanda aka yi don kasuwar Turai ya fi na Amurka rauni. Akwai na FiiO da na Moondrop da suka fi shi ƙarfi. In wayarka tana da ramin iyafis nata kuma ba ka jin wani shuuu a ciki, ka fara da shi haka nan, dongul ya biyo baya.

Memori mai 64GB ko sama, fawa bank, roba mai murfi da ke rufuwa ruf, da ƙananan ƙunshin silika ɗin nan da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, sai tsohon burushin haƙori mai laushi da ƙyalle mai tsabta.

Sai ɗan littafi da biro, da asusu. Waɗannan biyun kar ka raina su, rabin aikin a kansu yake.

1. Fara gyara abin da kake saurare

Wannan matakin kusan kyauta ne amma shi aka fi tsallakewa. Yawancin waƙoƙin da masu turi ke zuba mana a memori a kasuwa an matse su sosai don su yi yawa, wasu 128kbps wasu ma ƙasa da haka (in lambar nan ta yi ƙasa an fi yanke wa sautin abubuwa), wasu kuma daga bidiyo aka ciro su. A ƙaramar sifika ba za ka gane ba, amma hedifon mai kyau ba ya rufa wa fayil asiri, duk wani gurɓacewa zai kawo maka shi har cikin kunne sai ka zaci hedifon ɗin ne ba shi da kyau.

Abin da za ka nema shi ne MP3 mai 320kbps ko kuma FLAC, wanda shi ba a yanke masa komai ba. Waƙar minti huɗu a 320 tana cin kusan 10MB, a FLAC kuwa takan kai 25 zuwa 30MB, to kaga ga mai sayen data da kuɗinsa a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa akwai bambanci. Gaskiyar da zan faɗa maka, ni kaina a mafi yawan waƙoƙi ba na iya bambance 320 mai kyau da FLAC, don haka kar ka ƙona datarka. Ka tara FLAC na waƙoƙin da ka fi so kawai, sauran 320 ya wadatar. In ka shiga gari inda sabis ke da ƙarfi ka sauke da yawa lokaci guda, in aboki zai ba ka kuma ku yi ta Xender ko ta kebul.

Kuskuren da na ga ana yi, mutum ya ɗauki waƙar 128 ya juya ta FLAC da wata manhaja ya ce ya gyara ta. Abin da aka yanke ya tafi, girman fayil kawai ka ƙara. Haka tsofaffin kiɗan gargajiyarmu da aka kwafo daga kaset, za ka ji shuuu ɗin kaset ɗin a fili, wannan a jikin ɗaukar yake, ka karɓe shi a haka.

Daga nan ka ware abu biyar na gwaji da ka sani kamar yunwar cikinka. Nawa su ne karatun Alƙur'ani na makaranci ɗaya ba tare da eko mai yawa ba don jin murya, kiɗan kalangu ko ganga don jin ƙasa wato bes, goge ko algaita don jin sama inda sauti ke da tsini, waƙar zamani ɗaya mai kayan kiɗa da yawa, sai hirar rediyo ta mutum biyu. Duk hedifon da za ka gwada a rayuwarka da waɗannan biyar za ka gwada shi, kar ka canza su.

2. Sayi ƙarami ka koyi kunnenka

Kar ka fara da babba ko da kana da kuɗin. Akwai iyafis na cikin kunne da ake kira IEM, kamfanonin Chana sun ƙware a kansu, irin su Moondrop Chu, 7Hz Salnotes Zero da Tangzu Wan'er, duk wajen dala 20 suke, kuma sautinsu ya yi wa iyafis ɗin da ake ratayawa a teburin masu caji nisa ba kaɗan ba. In ba ka son abu a cikin kunne akwai Koss KSC75 mai rataya a kunne, shi ma a wannan layin kuɗin yake.

In ya zo, ka gwada duk robobin bakin da ke cikin kwalin, ƙanana da matsakaita da manya, har ka samu wanda ya toshe kunnenka daidai. In bai toshe ba bes ɗin gaba ɗaya zai zube. Na ga wanda ya yar da IEM mai kyau a kan wannan kawai.

Yi wata uku da shi. Ka riƙa rubutawa a littafin nan, yau goge ya soke min kunne, yau na ji bes ya yi min kaɗan, yau muryar makaranci ta yi kamar tana nesa. Bayan wata uku za ka san irin sautin da ranka ke so, kuma wannan sanin shi zai hana ka zubar da kuɗin riɗin shekara guda a kan abin da wani Bature ya yaba a YouTube alhali kunnensa daban naka daban.

3. Zaɓi irin babban da ya dace da inda kake zaune

Manyan hedifon iri biyu ne, mai buɗaɗɗen baya da mai rufaffen baya. Mai buɗaɗɗen baya raga ce a bayansa, iska na shiga tana fita, sautinsa ya fi sakewa kamar kana zaune a fili makaɗa na gabanka, kuma kunne ba ya yin gumi sosai wanda a zafin Afrilu na Jigawa ba ƙaramin abu ba ne. Amma duk abin da ke waje za ka ji, injin markaɗe, janareto, kukan awaki, sannan wanda ke kusa da kai shi ma zai ji abin da kake ji. Ni dai wannan ya zame min alheri ta wani gefen, don ina jin kiran salla ina jin sallama a ƙofar gida ba sai an zo an taɓa ni ba. Da dare bayan isha in gari ya yi tsit, nan ne lokacinsa, kuma shirun daren ƙauye wani abu ne da mutanen birni ba su da shi ko nawa suka kashe.

Mai rufaffen baya kuwa yana tare hayaniya, bes ɗinsa ya fi naushi, ba ya damun na kusa, sai dai zafi. In ɗakinku ɗaya da 'yan'uwa ko kana zama a shago bakin hanya, shi za ka nema.

A masu buɗaɗɗen baya akwai Philips SHP9500 a ƙasa, sai Sennheiser HD 600 da ya fito tun 1997 kuma har yau ana ƙera shi, da ƙaninsa HD 650 na 2003, sai Hifiman Sundara. A rufaffu akwai Sony MDR-7506 na 1991 da ake yawan gani a gidajen rediyo da sitidiyo, da Audio-Technica ATH-M50x, da AKG K371, da Beyerdynamic DT 770 Pro. Can sama akwai irin su HD 800 S da ya haura dala 1,500, har da Sennheiser HE 1 da ya haura dala dubu 50. Waɗannan ka san da su kawai. A ganina daga IEM na dala 20 zuwa hedifon na dala 300 tsalle ne babba da kowa zai ji, daga nan zuwa sama kuwa kuɗin na ninkawa sau biyar ƙarin daɗin kuma ɗan kaɗan ne.

Sai lambar da ake rubutawa ohm, wannan dole ka duba. A taƙaice, in lambar ta yi yawa hedifon ɗin na buƙatar abin da zai tura shi da ƙarfi. SHP9500 da K371 ohm 32 ne, M50x 38, MDR-7506 kuma 63, duk waɗannan dongul zai ɗauke su. HD 600 da HD 650 kuwa 300 ne, za su yi ƙara a waya amma ba za su cika ba sai da dongul mai ƙarfi ko amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi. DT 770 Pro kala uku ake yin sa, 32 da 80 da 250, to ka karanta jikinsa da kyau kafin ka biya, mutane da yawa sun sayi na 250 suna nufin jonawa a waya. Irin su Sundara kuma ƙirarsu daban ce, ohm ɗinsu kaɗan ne amma suna da cin wuta, kar lambar ta ruɗe ka.

Abu na ƙarshe da nake dubawa, kuma a wurina ya fi komai, shin ana iya canza kayan jikinsa? HD 600 kebul ɗinsa na cirewa, soson kunnen na cirewa, na saman kai ma haka, kusan duka da hannu ake ɓalle su. Wanda ke zaune nesa da mai gyara irin wannan yake buƙata. MDR-7506 da tsohon samfurin DT 770 Pro kebul ɗinsu a manne yake, in ya tsinke sai an buɗe an yi masa dalma.

4. Tara kuɗin

Nan ne maganar take. Ka buɗe littafin ka rubuta sunan hedifon ɗaya tak da kuɗinsa a dala, don tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashin naira ba ya zama wuri ɗaya, abin da aka faɗa maka yau wata biyu ya canza. Ka ƙara kuɗin dongul ko amfilifaya, kuɗin aikowa, kuɗin motarka zuwa Kano da dawowa, da kuɗin sabon soso in na hannu za ka saya. Jimillar nan ita ce kuɗin hedifon ɗin na gaskiya.

Ƙa'idata ita ce sai an cire komai tukuna. In an yi kaka a fitar da zakka, a ware abincin gida na shekara, kuɗin taki da irin baɗi, kuɗin makarantar yara, a ajiye wani abu don rashin lafiya, a ga abin da za a yi wa iyaye. Abin da ya rage, kashi ɗaya cikin goma nake jefawa asusun hedifon. Wata shekarar ya yi kauri wata shekarar ba komai, in ba komai sai in haƙura in ci gaba da jin wanda ke hannuna.

Hanyar da ta fi yi min aiki ita ce kiwo. HD 600 ɗina rago ne ya saya min shi. Na sayi ɗan tunkiya da kuɗin asusun bayan kaka lokacin da harawa ke da arha, na riƙe shi da harawar wake da dusa da ƙaiƙayi har gab da babbar salla, na kai shi Maigatari ranar Alhamis na sayar, uwar kuɗin ta koma ta sayo wani ɗan ragon, ribar ta shiga asusu. Zagaye biyu na yi haka, na haɗa da kuɗin tsohon hedifon da na sayar, kuɗi suka cika. Kusan shekara biyu kenan, kuma a shekara biyun nan ba wanda ya kwana da yunwa a gidana saboda abin sawa a kunne.

In ba ka da wurin kiwo, shiga adashi da mutanen da ka yarda da su ka nemi ɗaukar ƙarshe, don in ka ɗauka da wuri ka sayi hedifon to bashi ne a kanka ko da ba a kira shi bashi ba. In kana da riɗi ko zoɓo, ware ɗan abin da za ka iya ka ɓoye shi har kaka ta wuce kasuwa ta ɗaga. In albashi kake ɗauka, ranar da ya shigo ka cire kason ka tura wani asusun da ba ka riƙe katinsa a aljihu. Wani ƙanena kuma da MDR-7506 ɗinsa yake tace sautin wa'azi da na walima da ake ɗauka a waya, ana ba shi ɗan abin da ya samu, hedifon ɗin da kansa ya mayar da kuɗinsa.

Abin da zan roƙe ka, ka nisanci manhajojin bashin nan na waya. Ruwan da suke ɗorawa ga shi haram ga shi yana ninka kuɗin, in ka makara kuma su bi lambobin mutanenka suna tozarta ka. Kar ka sayar da hatsin gida, kar ka taɓa dabbar matarka. Kuma ka faɗa wa iyalinka gaskiyar kuɗin. Na san wanda ya ce wa maiɗakinsa dubu biyar ya saya, ita kuwa ta ba yara suna wasa da shi tunda a saninta abin dubu biyar ne, kafin ya dawo daga gona sun karya bakan da ke hawa saman kai.

Lokacin saye ma yana da tasiri. AliExpress suna babban rangwame ranar 11 ga Nuwamba, sannan akwai rangwamen ƙarshen Nuwamba a shagunan intanet da yawa, kuma Allah da ikonsa lokacin ya zo daidai da shigowar kuɗin kaka. IEM da dongul da soso duk a lokacin nake oda, in sa adireshin wani ɗan'uwa a Kano don kaya ba sa isowa ƙauye.

5. Nemo na hannu, ka gwada kafin ka biya

Babban hedifon kusan duk na hannu nake saya, don mai waya ba shi da batir da zai mutu, in an riƙe shi da kyau shekara ashirin yana aiki. A Kano ka leƙa Farm Centre da Beirut, wani lokacin ana dacewa a cikin kayan da ake shigowa da su na hannu, sai dai sai ka yi haƙurin yawo don yawancin abin da ke gaban shago na Bluetooth ne. A Jiji kuma, shafin saye da sayarwa na intanet, an fi samu, yawanci masu sayarwar suna Legas ko Abuja.

Jabu ya yi yawa, musamman MDR-7506 da M50x. Ni ma an taɓa yi min a wani shago, kwali tsaf rubutu tsaf, na dawo gida da murna na kunna goge na ji kamar ana kankare kwano, da na koma mai shagon ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa. Kuɗin wata huɗu ne suka tafi kuma abin ya daɗe yana min ciwo. Tun daga nan ba na biya sai na yi waɗannan.

Ka je da wayarka da dongul ɗinka da waƙoƙinka biyar, kar ka yarda a gwada maka da wayar mai shago. Fara da hirar rediyo ko karatu, ka rufe ido, muryar ta tsaya a tsakiyar kanka cak. In ta karkata hagu ko dama, juya hedifon ɗin ka sa na hagu a dama, in karkatar ta bi shi to sifikar gefe ɗaya ta raunana, ajiye musu kayansu. Sai ka kunna mai bes ka ɗan ƙara murya, ka saurari ko akwai zzz ko kakkaɓi a gefe ɗaya, wani lokacin gashi ne ya shiga ana iya cirewa, wani lokacin kuma sifikar ce ta tafi, kai dai in ba ka tabbatar ba kar ka saya. Sauti na tafiya ka murɗa kebul a hankali a gindin fulogi da inda ya shiga kunnen, in ya ɗauke ko ya yi ƙaras-ƙaras akwai tsinkewa a ciki. Ka buɗe bakan a hankali ka duba tsagewa a haske, musamman wajen mahaɗa. Ka duba kan kusoshi, in sun cinye an sha buɗe shi. Soso in ya lotse ko yana ɓarewa ba matsala ba ce babba amma ka rage kuɗinsa a ciniki, don soso na asali yana da tsada kuma lotsattsen soso yana canza sauti.

Kafin ka fita daga gida ka sauke hotunan na asali daga shafin kamfanin ka kwatanta rubutu da ɗinki da fulogi. Farashi in ya yi arha fiye da hankali, jabu ne ko na sata, duka biyun ba naka ba ne.

In daga nesa ne, kar ka tura kuɗi gaba ɗaya wa wanda ba ka sani ba. Nemi ɗan garinku da ke can, ai ba a rasa namu a Legas, ka tura masa waƙoƙin gwajin ya je ya gani da idonsa ku yi bidiyo kol yana gwadawa, shi zai biya ya karɓa ya ba direban da aka sani. Ka ba shi na ruwa da na mota, ya fi maka asara. In ba ka da kowa a can, ka jira wani ya fito a Kano.

6. Amfilifaya da maganar wuta

In hedifon ɗinka mai ohm kaɗan ne kuma ba irin su Sundara ba, tsallake nan. In irin HD 600 ne, shawarata ga ɗan ƙauye ita ce ya nemi abin da ke cin wuta ta USB, dongul mai ƙarfi ko ƙaramin akwati irin Topping DX1, don za ka iya tafiyar da komai da waya da fawa bank ko ƙaramar sola. Na taɓa sayen amfilifayar tebur mai jonawa a bango, wata rana aka kawo wuta da ƙarfi da tsakar dare ta ƙone ta tare da cajar waya biyu. In dole sai irin wannan kake so, ka haɗa ta da stabilaiza ko inbata mai kyau, kuma ka cire ta daga bango duk lokacin da ka gama.

In kana jin wani huuu ko tsiii a kunne lokacin da waya ke caji, musamman a janareto, cire cajar ka ji, yawanci shikenan. Kuma kullum ka sauke murya ƙasa kafin ka jona ko ka cire hedifon.

Kebul na dubban kuɗi da ake cewa yana ƙara daɗin sauti, ni na gwada ban ji komai ba. Ka sayi kebul don ƙwarinsa kawai.

7. Saita sauti, ka kuma tsare kunnenka

Kafin ka ce hedifon bai yi maka ba ka fara tunanin wani, gwada EQ, wato ƙara ko rage wani ɓangaren sauti kamar bes ko sama. A Android akwai manhajar Wavelet, ka rubuta sunan hedifon ɗinka ta ɗora masa gyaran da aka riga aka auna, akwai kuma Poweramp mai nasa EQ ɗin, a kwamfuta kuma Equalizer APO kyauta ne. In da hannu za ka yi, ka riƙa rage inda ya yi yawa maimakon ƙara inda ya yi kaɗan, kaɗan-kaɗan, ka yi kwana biyu da kowane canji kafin ka sake taɓawa. Sau da yawa abin da mutum ke shirin kashe kuɗin rago a kansa, ɗan ɗaga bes ne ya rage masa.

Sai kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraren ƙara mai desibel 80, wato ma'aunin ƙarfin ƙara, har awa 40 a mako, in an ƙara desibel 3 kacal lokacin ya ragu da rabi. Hedifon mai kyau yana da yaudara, don ba ya kakkaɓi in an ƙure shi sai ka yi ta ƙarawa ba ka sani ba. Awon da nake yi da buɗaɗɗen baya, in mutum na kusa da ni ya yi magana ban ji ba to na wuce. In ka cire ka ji kunnenka na ƙara wiii, ka huta kwana ɗaya biyu kuma gobe ka rage. Jin da ya tafi ta wannan hanyar ba ya dawowa. Kuma don Allah kar ka hau babur da IEM a kunne.

8. Riƙo da sayarwa

Kuɗin hedifon na gaba yana jikin wanda ke hannunka, don haka riƙon da ka yi masa shi ne jarinka. Abokan gabarsa a nan su ne ƙurar hunturu, zafi, laimar damina, ɓera da yara. Da ka cire ka goge gumin da ƙyalle, ka bar shi ya sha iska minti kaɗan, ka sa a roba da silika ka rufe. Kar ka rataye shi a ƙusa a bango, ɓera ya taɓa cinye min kebul a dare ɗaya a haka. Kar ka bar shi a taga ko kusa da rufin kwano da rana, zafi na ɓare soson leda yana busar da roba.

Sati-sati ka bi ragar da burushi a hankali kana fuskantar da ita ƙasa don ƙurar ta zubo waje. Kar ka hura sifikar da baki kuma kar ka taɓa ta da yatsa, fatarta ta fi ledar biredi siranta, tana lotsawa. Soso mai laushi irin na yadi ana cire shi a wanke da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, a matse a hankali a shanya a inuwa har ya bushe ƙarau kafin a mayar. IEM kuma ka riƙa cire robar ka share dattin kunne daga bakinsa, yawancin wanda ake cewa gefe ɗaya ya mutu toshewa ce kawai. In za ka cire daga waya ka kama fulogin, kar ka ja wayar.

Ajiye kwalin da takardunsa da ɗan adaftan 6.35mm da ke zuwa da shi, don kaya da kwalinsa ya fi daraja a ciniki. In za ka sayar ka ɗauki hoto da safe a haske, ka nuna duk wani tabo, ka faɗi abin da ka canza da abin da ya taɓa samunsa. Masu wannan harkar a arewa ba mu da yawa, wanda ka sayar wa yau shi zai kira ka gobe in ya ga wani abu mai kyau ya faɗo. Kuma kar ka sayar sai ka riga ka ga wanda za ka saya kuma kuɗin cikon na hannu, in ba haka ba kuɗin zai narke a hidimar gida ka tashi ba hedifon ba kuɗi.

In za ka aika shi a mota, cire kebul ɗin ka naɗe shi daban, ka cusa takarda tsakanin kunnuwan biyu don kar su riƙa gugar juna, ka sa kwalin a cikin wani kwalin ka naɗe da leda saboda ƙura, sannan ka roƙi direba ya ajiye shi gaba kusa da shi, kar ya shiga but a ɗora masa buhu.